Faifan 'Yan Gudun Hijirar Mali: Me Samari Suka Ji A Cikinsa?

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2015 wani ƙaramin kamfanin faifai da ke birnin Landan, mai suna Transgressive, ya fitar da faifan farko na waɗansu samari huɗu 'yan ƙasar Mali, waɗanda ke kiran ƙungiyarsu Songhoy Blues. Sunan faifan Music in Exile, watau kiɗa a cikin gudun hijira. Waƙoƙi 11 ne a cikinsa, yawancinsu da harshen Songhai, harshen mutanen Gao da Tumbuktu, wanda yake ɗan'uwan Zabarmanci ne. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita mai aiki da lantarki, da jita mai kaurin murya, da ganguna irin na Turawa, sai kuma muryar mai waƙa. Amma kafin shekarar ta ƙare, samari da 'yan matan Ingila waɗanda ba su san ko kalma ɗaya ta Songhai ba suna cika zauruka suna tsalle a gaban waɗannan yara.

Mai karatu da ke Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri, yana iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa ɗan ci-rani da makaɗan Mali? To, abin da ya haɗa su shi ne labarin da ke cikin faifan. Labari ne na 'yan arewa waɗanda wahala ta koro zuwa kudancin ƙasarsu, suka sami kansu baƙi a babban birni, inda ba a jin harshensu, kuma ana yi masu kallon tuhuma saboda abin da waɗansu suka aikata a garuruwansu. Ban da wannan, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajen zango tsakanin iyaye da 'ya'ya a kan abin da yara ke saurara a wayoyinsu. Wannan faifai yana da abin da zai koya wa ɓangarorin biyu. Darasin kuwa shi ne, yaro ba ya barin asalinsa don ya ji ƙarar jita. Yana barinsa ne sa'ad da ya duba ko'ina ya rasa wanda zai faɗi halin da yake ciki da harshen gidansu.

YADDA AKA HANA KIƊA

Domin a gane faifan, tilas a koma shekarar 2012. A farkon wannan shekara 'yan tawayen Abzinawa na ƙungiyar MNLA suka ɗauki makamai a arewacin Mali. A cikin watan Maris sojoji suka tumɓuke Shugaba Amadou Toumani Toure a Bamako, kuma cikin ruɗanin da ya biyo baya manyan garuruwan arewa guda uku, Kidal da Gao da Tumbuktu, suka kuɓuce wa gwamnati a cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilu 'yan tawayen suka yi shelar kafa ƙasar Azawad. Ba su daɗe ba ƙungiyoyi masu ikirarin jihadi, irin su Ansar Dine da MUJAO, suka fatattake su suka kama mulkin garuruwan.

A watan Agusta na wannan shekara aka ba da sanarwa a Gao cewa an haramta kiɗan duniya a gidajen rediyo. Aka shiga farautar kayan kiɗa ana lalatawa. Makaɗa suka ɓoye, waɗansu suka tsere. Fitacciyar mawaƙiyar Tumbuktu, Khaira Arby, tana cikin waɗanda aka yi wa barazana, ta zauna a Bamako ba halin komawa gida. Babban bikin kiɗa na hamada da aka saba yi kusa da Tumbuktu, wanda ke jawo baƙi daga ƙasashen duniya, na watan Janairun 2012 shi ne na ƙarshe da aka yi a wurin. Waɗannan mutane ba a kan makaɗa kaɗai suka tsaya ba, har kaburburan waliyyan Tumbuktu suka rushe, abin da ya sa Kotun Duniya ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Faqi al-Mahdi, shekara 9 a cikin 2016. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, waɗansu suka ƙetara Nijar da Burkina Faso da Muritaniya, waɗansu suka gangara kudu.

A ƙarshen Janairun 2013 sojojin Faransa da na ƙasashen Afirka suka ƙwato Gao da Tumbuktu, Nijeriya ma ta aika da dakarunta Mali a wancan lokaci. Amma kamar yadda kowa ya gani daga baya, ƙwato gari daban, dawo da zaman lafiya daban. Sojojin Faransa sun fice a 2022, na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bi bayansu a ƙarshen 2023, ba tare da an ga ƙarshen rikicin ba.

BAƘI A BABBAN BIRNIN ƘASARSU

A cikin waɗanda wannan fitina ta raba da gida akwai Garba Toure, mai kaɗa jita, mutumin Dire da ke bakin kogin Kwara kusa da Tumbuktu. Kiɗa gadonsa ne, domin mahaifinsa ya yi wa marigayi Ali Farka Toure kiɗa shekara da shekaru. Garba ya ɗauki jitarsa ya nufi Bamako. A can ya haɗu da Aliou Toure, mai waƙa, da Oumar Toure, mai kaɗa jita mai kaurin murya, dukansu biyu daga wajen Gao. Sunan Toure ne ya haɗa su, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne, sunan yana da yawa a wannan yanki. Na huɗunsu, Nathanael Dembele mai ganguna, a Bamako suka same shi.

Tsakanin Gao da Bamako ya fi kilomita 1,000 a mota, watau kamar tsakanin Kano da Ikko. Harshen kasuwar Bamako Bambaranci ne, na ofis kuwa a wancan lokaci Faransanci. Ɗan Gao da ya sauka a tasha da ƙunshin kayansa ɗan ƙasa ne a takarda, amma a titi baƙo ne. Duk wanda ya taɓa sauka a Mile 12 da asuba daga bayan motar shanu ko ta albasa, bai san Yarbanci ba, bai san kowa ba sai lambar wayar wani ɗan garinsu, ya san irin wannan baƙunta ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Samarin nan suka fara kiɗa a gidajen rawa da wuraren biki na Bamako. Masu sauraronsu na farko 'yan gudun hijira ne 'yan'uwansu, masu neman su ji sautin gida ko da na dare ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne, 'yan Songhai da Abzinawa duka suna zuwa, alhali a can arewa rikicin ya saka zargi da gaba a tsakanin ƙabilun biyu. Abin da taron 'yan siyasa ya kasa haɗawa, sai ga shi ya haɗu a ɗan ƙaramin fili a gaban yara huɗu. Ba wanda zai ce kiɗa ya sasanta Mali, domin bai sasanta ta ba. Amma wuri ne da mutum zai tsaya kusa da wanda aka ce masa maƙiyinsa ne, ya ga ashe shi ma kewar gida ce ta kawo shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

ƘARAMIN KAMFANI, BABBAN RABO

A ƙarshen shekarar 2013 wata ƙungiyar makaɗa mai suna Africa Express, wadda Damon Albarn na ƙungiyar Blur ta Ingila yake cikin jagororinta, ta sauka Bamako don yin faifai tare da matasan makaɗan Mali. Wani Bafaranshe, Marc-Antoine Moreau, wanda ya daɗe yana kula da harkokin makafin mawaƙan nan Amadou da Mariam, shi ne ya saurari Songhoy Blues ya shigar da su. Aka haɗa su da Nick Zinner, mai kaɗa jita a ƙungiyar Yeah Yeah Yeahs ta birnin New York, suka ɗauki waƙarsu mai suna Soubour. Ita ce ta buɗe masu ƙofa. Aka gayyace su Landan, daga nan Zinner da Moreau suka tsaya a kan aikin faifansu na farko. Har akwai waƙa ɗaya a cikin faifan da suka raɗa wa suna Nick, irin yadda makaɗin gargajiya kan yi wa wanda ya kyautata masa.

Ya kamata a yi bayanin irin kamfanin da ya fitar da faifan, domin nan ne wani ɓangaren sirrin yake. Cinikin faifai a duniya yana hannun manyan kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu, waɗanda sau da yawa masu sha'awar kiɗa ne suka kafa su da ɗan jarin da ke hannunsu. Makaɗan jita da ke fitowa ta irin waɗannan kamfanoni su ne Turawa ke kira 'yan indi, watau masu zaman kansu. Transgressive ɗaya ne daga cikinsu, waɗansu samari biyu ne suka kafa shi a Landan a 2004. Babban kamfani yakan tambayi mawaƙi, wa zai sayi wannan? Sa'an nan ya umarce shi ya sake harshe, ya sake tufafi, ya rage nan ya ƙara can. Ƙaramin kamfani ba shi da kuɗin talla mai yawa, saboda haka jarinsa shi ne amincewar matasa cewa abin da ya fitar ba jabu ba ne. Wannan ya sa aka bar yaran Gao suka yi waƙa da harshensu, aka kuma kai faifansu kantunan da samarin Ingila ke sayen kiɗan jita, maimakon a jefa shi can lungun da ake ajiye kiɗe-kiɗen baƙin ƙasashe don dattawa masu sha'awar al'adu.

Gaskiya ne a Amurka da hannun kamfanin Atlantic faifan ya fita, shi kuwa reshen Warner ne. Watau ko mai zaman kansa, idan zai ƙetare teku, yakan nemi jirgin manya. Amma an riga an gama faifan kafin nan, ba wanda ya sake masa kama.

ABIN DA SAMARI SUKA JI

Masu sauraron wannan kiɗa kashi biyu ne, kuma kowane kashi da abin da ya ja shi.

Samarin Turai ƙarfin kiɗan ne ya fara kama su. Kiɗan arewacin Mali da duniya ta sani a da, irin na Ali Farka Toure na Niafunke wanda ya rasu a 2006, kiɗa ne mai natsuwa, na zama a tabarma bayan sallar isha'i. Yaran nan sun ɗauki wannan salon, da kiɗan takamba na Gao wanda ake yi da molo da ƙwarya, suka ɗora shi a kan jitar lantarki, suka ƙara masa sauri da amo. Sun taso suna jin Jimi Hendrix da John Lee Hooker na Amurka kamar yadda suka taso suna jin makaɗan garinsu, saboda haka ba aro suka yi ba, abin da ke cikin kunnensu ne tun suna yara. Jita takan kama ɗan gajeren zubi ta yi ta maimaita shi, kamar yadda mai gurmi ko mai garaya ke yi, ganguna suna kora ta daga baya, mai waƙa ya ba da baiti sauran su amsa. Aliou kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, rawa yake yi tun daga farko har ƙarshe. Kuma da wando da taguwa irin na kowane saurayin birni suke hawa dandali. Yaron Landan da ya gan su sai ya ga tsararsa ne, ba waɗansu mutanen hamada da aka kawo a nuna masa ba. A cikin 2015 sun yi wasa a babban bikin Glastonbury, kuma a shekarar ce aka fitar da wani fim a kan makaɗan Mali da aka hana kiɗa, wanda su ma suna ciki, ya ƙara sanar da labarinsu.

Su kuwa samarin arewacin Mali, maganar ce ta kama su. Ko Bahaushe, in ya dubi sunayen waƙoƙin, zai tsinci abin da ya sani, domin Larabci ya shiga Songhai kamar yadda ya shiga Hausa, tun zamanin da Shehu Maghili ya zauna a Kano wajen Sarki Rumfa sa'an nan ya wuce Gao wajen Askiya Muhammadu. Soubour daga kalmar Larabci ta haƙuri take, wadda aka sami sunan Sabiru daga gare ta, kuma kira ne ga waɗanda aka raba da gida su daure. Al Hassidi Terei tushenta ɗaya da hassada. Irganda ma'anarta ƙasarmu. Petit Metier kuwa Faransanci ne, watau ƙaramar sana'a, jan hankali ne ga matasa su tashi su kama aikin hannu komai ƙanƙantarsa, kada su zauna jiran gwamnati ko taimakon ƙasashen waje. Faifan ya rufe da wata waƙa mai sanyi da aka sa wa suna Mali.

Haƙuri, da gudun hassada, da son ƙasa, da riƙon sana'a. Wane uba ne a Idi-Araba ko Obalende zai ce bai taɓa yi wa ɗansa irin wannan nasiha ba? Bambancin kawai, idan uba ya faɗa, yaro yakan sunkuyar da kai ya ce to, Baba, ya fita ya manta. Idan tsaransa ya faɗa a cikin kiɗan da ke motsa masa jini, wanda kuma ya san shi ma ya kwana a ɗakin aro a garin da ba nasu ba, sai maganar ta zauna.

MAGANAR MASU SUKA

Ba za a rasa masu suka ba, kuma ba duk sukarsu ce ta banza ba.

Na farko su ne masu cewa kiɗa gaba ɗayansa abin gudu ne ga Musulmi. Malamai sun daɗe suna magana a kan wannan mas'ala, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta bisa sharuɗɗa, kuma fagensu ne, shafin jarida ba wurin yanke hukunci ba ne. Uban da ya bi fatawar malaminsa ya hana kiɗa a gidansa yana da iko da gidansa. Amma akwai rata mai faɗi tsakanin malamin da ke wa'azi da hujja da mutumin da ya shigo gari da bindiga ya ce kowa ya yi shiru. Mutanen Gao da Tumbuktu Musulmi ne tun ɗaruruwan shekaru, garuruwan malamai da littattafai ne, ba su jira baƙi masu bindiga su koya masu addini ba. Kuma a dubi abin da hanin ya haifar. Kafin 2012 Garba Toure saurayi ne mai kaɗa jita a Dire, wanda sai mutanen yankinsu suka san shi. Bayan shekara uku da korarsa, ana jin jitarsa a Landan da Faris da New York. Wanda ya toshe wa ruwa hanya bai kashe shi ba, ya dai sake masa magudana.

Na biyu su ne masu cewa irin wannan kiɗa ba ya rabuwa da gidan giya da shashanci. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin a gidajen rawa yaran suka fara, kuma kowa ya san abin da ake sayarwa a irin waɗannan wurare. Uba yana da hujja idan ya hana ɗansa ko 'yarsa zuwa can. Sai dai a yau ba a gidan rawa yaro ke haɗuwa da waƙa ba, a cikin aljihunsa take. Zamanin da za a kulle garmaho ko rediyo mai kaset a cikin akwati ya wuce. Tun da haka ne, tambayar da ta rage wa uba ita ce me waƙar ke cewa, kuma ba zai sani ba sai ya zauna ya saurara tare da ɗansa.

Na uku su ne masu cewa, ai sai da Turawa suka sa hannu sa'an nan aka san su, kuma tausayin 'yan gudun hijira ne ya sayar da faifan. Hannun Turawa kam yana ciki, ba a ɓoye yake ba. Haka nan gaskiya ne cewa a titunan Bamako waƙoƙin gambara na zamani, waɗanda ake kira raf, sun fi kiɗan jita kasuwa a wurin matasa, har ma a iya cewa sunan Songhoy Blues ya fi ƙarfi a waje bisa ga gida. Wannan abin kunya ne ga attajirai da gidajen rediyon Afirka ta Yamma, waɗanda ba su ganin darajar abin da ke ƙofar gidansu sai baƙo ya yaba. Amma zancen tausayi ba ya tsayawa, domin tausayi sau ɗaya yake sayen faifai. Yaran nan sun sake fitar da Resistance a 2017, da Optimisme a 2020, da Heritage a 2025. Wanda aka saya don tausayi ba ya shekara goma a kasuwa.

INA NA 'YAN CI-RANI?

A nan ne maganar ta dawo gida. A shekarar da wannan faifai ya fito, watau 2015, a watan Yuni, Allah ya yi wa Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos rasuwa. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talakawa masu ƙananan sana'o'i waƙa, har mutumin da ba wanda ya kula da shi ya ji an ambace shi a rediyo. Wannan shi ne ainihin abin da yaran Mali suka yi wa 'yan'uwansu, kayan aikin ne kawai suka bambanta.

To, a yau wa ke yi wa ɗan ci-rani irin wannan? Ga dubban samarin arewa a Ikko da Ibadan da Fatakwal da Anacha, masu acaba, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi, da masu wankin takalma, da masu tsire, da masu yankan farce, da 'yan dako a kasuwannin kayan gwari. Da yawansu ba son ransu ne ya kawo su ba, 'yan bindiga ne suka hana su noma a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ko kuwa rikicin Boko Haram ya tashe su daga Barno da Yobe. A watan Fabrairun 2021 an ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan, inda aka yi asarar rayuka da dukiya. A watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida, mutane da yawa suka wayi gari ba abin yi. Kowane ɗayan waɗannan labari ne da ya isa a yi masa waƙa, ta haƙuri ko ta jan kunne ko ta neman zaman lafiya da masu masauki. Amma in aka buɗe wayar ɗan acaba a yau, mafi yawan waƙoƙin Hausa da ke ciki na soyayya ne irin na finafinai, ko na yabon 'yan siyasa, waɗanda aka haɗa da fiyano a ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano da Kaduna. Masu taɓo rayuwar baƙunta kaɗan ne ƙwarai.

Abin ya fi tsanani ga yaran da aka haifa a kudu. Yaron Agege yana jin Yarbanci da Turancin buroka kamar ruwa, Hausarsa kuwa sai ta gaisuwa da ta sayen kati. Waƙoƙin da ke faɗin rayuwar titin da yake tafiya a kai kullum, da cunkoson motoci da neman na abinci, duk da harsunan maƙwabtansa ake yin su. Ba laifi ba ne ya ji su, zama da mutane ya kawo haka. Amma idan duk abin da ke da daɗi da zafi a rayuwarsa da wani harshe yake zuwa masa, Hausa kuwa ba ta zuwa sai da faɗa da hani, ba sai an tambayi malamin duba ba kafin a san wanda zai rinjaya.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Iyaye su rage ƙwace waya, su ƙara tambaya. Uban da ya ce wa ɗansa, zo ka fassara mini abin da wannan yake faɗa, ya buɗe ƙofar da bulala ba ta buɗewa, kuma daga nan ne zai iya raba masa tsaki da tsakuwa. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda ke kashe kuɗi mai yawa wajen ɗauko mawaƙa daga arewa a lokacin naɗi ko biki, su waiwayi yaran unguwarsu masu basira, su ba su fili ko da na rabin sa'a ne, bisa sharaɗin tsabtar harshe. Attajiran canji da na shanu su sani kafa ɗan ƙaramin ɗakin ɗaukar waƙa bai kai kuɗin mota ɗaya ba, kuma samari biyu ne kacal suka kafa kamfanin da ya fitar da yaran Mali.

Su kuma samari masu sha'awar waƙa su lura da abin da ya ɗaukaka waɗannan tsararrakin nasu. Ba su kwaikwayi Amurkawa ba, ko da yake sun saurare su. Ba su jira wani ɗan siyasa ya saya masu mota ba. Sun koyi kayan kiɗansu da hannu har suka ƙware, suka riƙe harshen iyayensu, suka faɗi abin da ya same su ba ƙari ba ragi, ba zagi ba tunzura jama'a. Wanda ke da gurmi ya kama gurmi, wanda ya sami jita ya kama jita, kukuma da kalangu ma ba su tsufa ba. Labarin yana nan a tashar mota, da ƙarƙashin gada, da ɗakin da mutum goma ke kwana suna tara abin da za su aika gida kafin damina.

Allah ya zaunar da Mali lafiya, ya zaunar da Nijeriya lafiya, ya mai da kowane baƙo gidansu da alheri.